Ku Tambayi Anti: An rufe mana ruwa da dare, yaya za mu yi?

Assalamu alaikum jama'a. Tunda zafi ya shigo saƙonnin da suke zuwa min kusan duk na ruwa ne, har na aure sun ja baya. Na zaɓi guda biyar, sauran ku yi haƙuri, da yawa amsarku tana cikin waɗannan.

Tambaya: Salam Anti, dan Allah ki taimaka min da shawara. Gidan haya muke a Kurna, ɗaki takwas ne kowa da iyalinsa, akwai bohol da tanki a gidan. To tun farkon bazarar nan mai gidan ya sa kwaɗo a famfon, ƙarfe 9 na dare yake rufewa sai 7 na safe, wai ruwa ya ja baya. Ni yarana huɗu har da na goye, maigidana kuma sammako yake yi kasuwar Kwari, wlh wata rana da fiya wata yake alwalar asuba. Wannan ba zalunci bane Anti? Kuma yaya zan yi? Daga Maman yara, Kurna.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Bari in fara da abin da bazai miki daɗi ba, maganar da mai gidanku ya yi ta cewa ruwa ya ja baya ba lallai ƙarya yake ba. Ƙasan garin Kano yawanci dutse ne, ruwan da bohol yake samu yana cikin tsattsagewar dutsen ne da ruɓaɓɓen dutsen da ke samansa, ba wani tafki bane a kwance a ƙasa, shi yasa daga Maris zuwa Mayu zaki ga rijiyoyi sun yi ƙasa, bohol kuma in an ja na ɗan lokaci sai ya fara tari yana kawo iska, dole sai an bar shi ya huta ruwan ya sake tsattsafowa. In aka matsa masa aka bar sumo, wato injin da ke cikin bohol yana turo ruwa, tana juyawa babu ruwa ƙonewa take yi, kuma kuɗin sabuwar sumo da kuɗin masu zaro ta ba wasa bane, ƙarshenta ma a kanku za a raba. In kuma da sola ake ja to dama rana kaɗai take aiki, abin da tanki ya tara kafin la'asar sakaliya shi ne na kowa har gari ya waye, in ɗaki ɗaya ya zauna wanki da dare sauran bakwai sun tashi babu ko na wanke ido.

Amma fa ƙarfe 7 ya yi rana, nan kam ban goyi bayansa ba. Gidan Musulmi ne, akwai asuba, akwai yara 'yan makaranta, akwai masu fita nema. Rufewar ba ita ce matsalar ba, lokacin buɗewar ne. Abin da zaku nema guda biyu ne kacal, a dinga buɗewa da kiran sallar farko ko da na awa ɗaya ne, sannan a ajiye mukulli na biyu a wajen wani dattijo cikin 'yan hayan saboda lalura, naƙuda ko ciwon ciki ko Allah ya kiyaye gobara, waɗannan basa jiran ƙarfe 7. Kuma dan Allah kar ya zama mata ne zasu tare shi a bakin famfo da hayaniya, mazan gidan su haɗu biyu ko uku su same shi bayan sallah a mutunce, in akwai hali su ce zasu dinga haɗa kuɗin mai ko na gyara duk wata, zaki sha mamaki yadda mutum yake saukowa in ya ji ba a kansa kaɗai nauyin yake ba. In ya ƙi sai a je wajen mai unguwa, irin wannan sulhun aikinsu ne. Kar kowa ya fasa kwaɗon nan, daga nan kun zama ku ne masu laifi.

Sai kuma naki ɓangaren. Ni a ganina ruwan da aka faɗa miki lokacin ɗauke shi ya fi wanda ake ɗaukewa babu sanarwa sauƙi nesa ba kusa ba, tunda kin san ƙarfe 9 ne to lissafi kawai ya rage. Ku shida ne. Daga dare zuwa safe na sha ki ƙaddara lita ɗaya kowa, lita 6 kenan. Alwala da tsarki ki ware kamar lita 10. Karin kumallo, koko ko shayi da ɗauraye kofuna, lita 6 zuwa 8. Wankan safe in da bokiti da kofi ake yi lita 10 ta ishi babba, yaro bai kai haka ba, ki ce lita 50 gaba ɗaya. In banɗakin na zama ne mai kora ruwa ki ƙara lita 25, in masai ne kin huta. Kinga duka-duka wajen lita 100 ne, jarka huɗu ta lita 25, ki ƙara ta biyar saboda mai goyo bata rabuwa da wankin gaggawa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa lita 50 zuwa 100 ga mutum ɗaya a yini in ana son komai ya wadata, amma wannan har da wanki da girki ne na duk rana, ke dare ɗaya kike tsallakewa.

Abin da ya fi jarkokin muhimmanci shi ne kar ki haɗa su wuri ɗaya. Jarka ɗaya ta sha da girki ce kaɗai, ki ɗaura mata tsumma ko zare a hannu kowa ya gane ta, ki sa ta cikin ɗaki, babu mai taɓa ta don wanke ƙafa ko da kuwa maigidan ne. Yawanci ba ƙarancin ruwa ne yake sa a wayi gari babu ba, yaro ne zai tashi fitsari cikin dare ya tuntsurar da rabin jarka a buta ɗaya. Ki cika butoci tun dare ki jera su a ƙofar banɗaki. Ki yi ɗiban ki tun bayan la'asar, kar ki bari sai takwas da rabi lokacin da duk matan gidan suka tuna, nan ne ake samun layi da baƙar magana. Wanke-wanken tuwon dare a yi shi da an gama ci, in tukunya ta kwana ta bushe ruwan da zata ci da safe ya ninka. Yaran nan kuma a wannan zafin ki musu wanka kafin magariba su kwanta da sanyin jiki, da safe a watsa musu kaɗan a wanke fuska da ƙafa su tafi. Ruwan ɗaurayar wanki da na wankan jariri kar ki zubar, ki tara a bokiti guda shi ne na kora banɗaki, amma kar ya wuce kwana ɗaya, wari yake yi. Duk baho da duro mai ruwa a rufe shi da murfi mai nauyi, yaro mai rarrafe ko mai koyon tafiya in ya leƙa bokiti kansa ya rinjaye shi ruwa kaɗan ya isa ya yi ɓarna, kuma babu ƙarar da zaki ji.

Tambaya: Anti barka da aiki. Mu namu akasin na mutane ne, muna Gwammaja, famfo baya zuwa da rana sam, sai wajen ƙarfe 2 na dare zai ɗan zo kafin asuba ya ɗauke. Iyalina ta daina bacci, ni ma ina zuwa shago ina gyangyaɗi. Kuma in ya zo da farko ja ne kamar shayi. Wani ya ce in sayi ƙaramin inji in jona a bututun ya dinga zuƙo min. Meye shawararki? Daga wani magidanci.

Amsa: Malam sannu da ƙoƙari, a gaida uwargida, ita ta fi kowa shan wahalar nan. Dalilin zuwansa cikin dare ƙarfin turi ne. Ruwan famfon birni daga nesa yake tasowa, akwai matatar Challawa wajen Panshekara wadda asalinta tun farkon shekarun 1930 ne zamanin Sarki Abdullahi Bayero, akwai ta Tamburawa a hanyar Zariya da take ɗiba daga Kogin Kano, wanda Dam ɗin Tiga da aka gama a 1974 lokacin Audu Bako yake ciyarwa, sabuwar matatar Tamburawa an gina ta ne don ta tace lita miliyan 150 a rana, sai ta Watari ta wajen Bagwai mai lita miliyan 75. Adadin kamar da yawa, amma wannan ƙarfin da aka gina su da shi ne in komai yana aiki kuma akwai wutar tura ruwan, sannan ka duba yadda garin ya faɗaɗa. Da rana duk wanda ke gabanka a kan layin ya buɗe famfonsa, kafin ruwan ya iso ka ƙarfinsa ya ƙare, sai dare ya raba mutane sun rufe sannan bututu ya cika ya iya kaiwa ƙarshen layi da unguwannin da ke kan tudu.

Jan ruwan nan na farko kuma kar ka raina shi. Bututun da ya wuni babu ruwa a ciki, duk inda yake da ɗan fashewa ko mahaɗar da ta saki yana iya zuƙar abin da ke kewaye da shi, kuma kai ma ka san a lungunan cikin gari ta ina bututun yake bi, ta cikin kwata ko gefenta. Ga tsatsa ga laka. Don haka na farkon a tare shi a baho daban, na share tsakar gida ne da kora banɗaki, sai ya washe tas sannan a tari na sha, shi ɗin ma a tafasa ko a sa masa magani.

Maganar inji, ban ba ka shawara ba. In ka jona inji kai tsaye a bututu kana janye na maƙwabtan da ke bayanka ne, gobe su ma su sayi nasu wanda ya fi naka ƙarfi, an koma gidan jiya an kuma yi asarar kuɗi, sannan zuƙar da injin yake yi tana ƙara janyo ƙazantar kwatar nan cikin bututun. Abin da ya fi shi ne ka sa tanki a ƙasa, can ƙasa yadda ruwa mara ƙarfi zai iya shiga da kansa, ka kira mai gyaran famfo ya sa maka ƙwallon nan mai tasowa da yake toshe bakin bututu in tanki ya cika, irin na cikin tankin banɗaki amma babba. Shi kenan ruwa ya zo ƙarfe 2 ya shiga ya rufe kansa kuna bacci. In kana son ya hau tankin sama sai injin ya ja daga tankin ƙasan. Illarsa ɗaya, jan ruwan farko zai shiga ciki, don haka ka sa a yi wa tankin mafita a gindi ta zubar da laka, bakin ɗiba kuma ya ɗan ɗaga sama da gindin, kuma na sha dole a gyara shi. Kafin ka samu kuɗin wannan, ku yi kwana-kwana da maƙwabta, gida ɗaya ya yi tsaro yau ya buga wa sauran waya in ya zo, gobe wani. Kuma kar a bar famfo a buɗe a kwanta da sunan za a ji ƙararsa, gajiyayye baya ji, sai dai a tashi a tarar da tsakar gida ta cika har ɗakin ƙasa.

Tambaya: Anti ruwan da nake tarawa a duro bayan kwana biyu sai ya fara santsi da wani wari, kuma yarana biyu suna ta gudawa. Ina sa alif ai. Me ya sa? Daga wata 'yar uwa a Sheka.

Amsa: Yaran tukunna. Ki basu ruwan gishiri da sukari yanzu, na leda da ake sayarwa a kemis ya fi, in babu ki samu lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce ki sa ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri, su dinga kurɓa. In gudawar ta zama kamar ruwan shinkafa, ko akwai amai ba tsayawa, ko jini, ko idon yaro ya faɗa ya daina fitsari, asibiti kai tsaye ko tsakar dare ne, kwalara bata ba mutum lokaci.

Alif kuma aikinsa ya kwantar da laka ruwa ya yi garau, baya kashe ƙwayar cuta, mutane da yawa suna ruɗuwa a nan saboda ido ya ga haske. Bayan alif sai ki tsiyaye na saman ki tafasa, ya tafasa sosai yana ɓulɓula na minti ɗaya, ko ki sa maganin kulorin irin WaterGuard ko ƙwayar Aquatabs yadda aka rubuta a jikinsa, ki jira minti 30 kafin a sha. Na san gas da gawayi sun yi tsada, to ba duka duron zaki tafasa ba, na sha kaɗai.

Santsin nan daga jikin duron yake. Mafi yawanmu ƙari muke yi, sabon ruwa a kan tsoho, wata da watanni gindin duro bai ga rana ba. Duk sati ki juye shi ƙarƙaf ki goge cikin da soso da sabulu ki ɗauraye ki kife ya bushe. Jarka da hannu baya shiga ki zuba tsakuwa ƙanana masu tsafta da ruwan omo ki jijjiga sosai. Ki kawar da shi daga rana, haske ne yake kawo gansakuka, shi yasa baƙin tanki ya fi fari zama lafiya. Sannan ki binciki asalin duron, shuɗayen nan da ake sayarwa na hannu wasu sinadarin kamfani aka zubo a ciki, wanda baki san me ya ɗauko ba ki bar shi na wanki. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko kananzir ko maganin feshi kuwa ko an wanke ta sau nawa bata koma ta ruwan sha. Sai moɗa, ita ce babbar mai laifi a gidajenmu, yaro ya fito daga banɗaki ya tsoma hannu har wuyan hannu ya sha ya mayar ya ajiye ta a ƙasa. In randa ce a samu moɗa mai dogon hannu a rataye ta, da ita ake ɗiba a zuba a kofi, ba a kai ta baki. Ni na fi son bokitin nan mai murfi da ɗan famfo a ƙasa, hannu baya shiga kwata-kwata. Murfi kuma dole ne ko don sauro, sati ɗaya zuwa kwana goma ya ishe shi daga ƙwai ya zama mai cizo a cikin ruwan da aka bari a buɗe.

Tambaya: Anti ni ɗalibi ne ina haya a Kabuga, ana kashe mana ruwa da dare. In na tashi da asuba wanka ya kama ni babu ruwa zan iya taimama? Ki ɓoye sunana.

Amsa: Na ɓoye ƙanena. Taimama tana nan a Alƙur'ani, Suratul Ma'ida aya ta 6, ga wanda bai samu ruwa ba, amma yaushe ne za a ce mutum ya rasa ruwa alhali ga masallaci a bayan layi ga mai shayi da jarkarsa, wannan ka zauna da malamin unguwarku, ni ba malama bace. Abin da zan ce maka, ya tabbata Manzon Allah (SAW) yana alwala da mudu ɗaya yana wanka da sa'i ɗaya zuwa mudu biyar, kuma mudun da ake nufi ba na awon kasuwa bane, bai kai lita ɗaya ba, sa'in kuma wajen lita 3 ne. Kai kaɗai ne a ɗaki, ba mata ba yara, kuma ka san za a kashe. Bokiti ɗaya mai murfi a bayan ƙofa kafin ka tafi kallon ƙwallo ya gama maganar.

Tambaya: Anti 'yan garuwa in dare ya yi ko da sassafe sai su ƙara kuɗi, wani ma ya ce an riga an saye kurar. Ya ake yi dasu? Daga Hajiya, Dorayi.

Amsa: Hajiya ina gaisuwa. Su ma sayowa suke a bohol, kuma in babu wuta mai bohol da janareto yake ja ya ɗora musu kuɗin mai, ga layi tun duhun asuba, ga tura kura mai jarka goma ko fi a cikin rairayi da kwazazzabon lungu, in kika lissafa lita 25 sau goma kilo 250 ne mutum yake turawa da ƙirjinsa. Wanda ya ce an saye kurar gaskiya ya faɗa, masu ciniki na kullum ne suka riga ki. To ke ma ki zama ta kullum. Ki tsayar da mutum ɗaya, ku yi magana a kan jarka nawa kowace rana da kuɗin sati, ya dinga kawowa da yamma lokacin da rububin ya lafa, ki karɓi lambar wayarsa, ki biya ranar da kuka yi alkawari ba sai ya yi ta sallama ba. In kun kai gida uku ko huɗu a layin ku haɗu ku saye kura guda, ya fi masa sauƙi ya sauke a wuri ɗaya kuma zai rage muku. Ki tambaye shi a wane bohol yake ɗiba, in da hali ki aika yaro ya gano wurin, kar ya zama rijiyar da ke maƙale da masai ce ko bakin kududdufi. Ki leƙa cikin jarkokinsa ma, in kin ga kore a ciki ki ba shi naki guda biyu masu alama ya dinga cika miki su daban na girki da sha.

Masu tambayar tankin da yake yoyo ta gindi da mai tambayar ko rijiyar da ta ƙafe za a iya ƙara mata zurfi a bazara, naku sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.